Shawar da Muka Sa wa Inna

Shekarar da muka koma Mabera ita ce shekarar da Inna ta ƙone ƙafa. A gidanmu na Dundaye abin ya faru, cikin tsananin ɗari. Ta tafasa ruwan wanka a tukunya kamar yadda ta saba tun kafin a haife ni, ta juye a bokiti, ta surka da na randa, ta tsoma ƙafa don ta ji ko ya yi daidai. Ba ta ji komai ba. Ciwon suga ya daɗe da kashe mata tafin ƙafa, ita kuwa ba ta faɗa wa kowa ba. Sai da matar ƙanena ta leƙo ta ga fatar ta tashi fari fat, ta kwarma ihu, sannan Inna ta sunkuya ta duba.

Mun sha jinya. Da aka sallame mu daga asibiti, likitan ya ja ni gefe ya ce kada a sake barin ta ta haɗa ruwan wanka da kanta, ko ta yi faɗa. Na san za ta yi. Inna mace ce da ba ta yarda wani ya ɗaukar mata buta ba tun da nake da ita. Idanunta sun fara dushewa a lokacin, amma kunnenta na nan garau, har ta kan gane wanda ya shigo zaure daga yadda yake jan takalmi.

Daidai lokacin na sayi wani tsohon gida a Mabera, ta hannun dillali, daga wasu magada da ban taɓa haɗuwa da su ido da ido ba. Irin gidajen nan ne da aka yi ta ƙara musu ɗaki bayan ɗaki gwargwadon yadda iyali ke ƙaruwa, babu kusurwar da ta daidaita da 'yar'uwarta. Can ƙurya akwai ɗaki guda mai ɗan banɗaki a cikinsa. Da na gan shi na ce wannan na Inna ne. Na sa aka yi fenti, aka shimfiɗa tayil, aka kafa ƙarfe a bango don ta riƙa dafawa.

Yayana da ke sana'ar nama a Kano shi ya kawo maganar sa mata shawar wanka. Ya ce ya ga wata iri a gidan wani abokin cinikinsa, mai daidaita zafin ruwa da kanta. Ya aiko da ita cikin motar shanu da ta dawo babu kaya, kwalin ya iso yana warin kashin shanu. Doguwar aba ce ta farin ƙarfe, da abin murɗawa a kowane gefe. Na dama shi ke buɗe ruwa. Na hagu yana da lambobi da ɗan jan maɓalli. Ruwan zafi zai shigo mata daga hita mai dafa ruwa da lantarki, na sanyi daga tanki, ita za ta surka su a cikinta, kuma duk yadda aka yi ba za ta bari zafin ya wuce inda aka tsayar da shi ba. In ruwan sanyi ya ragu, sai ta rage na zafin ita ma. Na karanta wannan a jikin kwalin na ji daɗi ƙwarai. Na ce ga abin da zai ji wa Inna abin da ƙafarta ta daina ji.

Mai gyaran famfon da na kira mutumin Gidan Igwai ne, gajere, mai yawan dariya, ba ya aiki bakinsa a rufe. Bai ɓoye mini ba, ya ce bai taɓa sa irinta ba, amma ya kalli yadda ake yi a waya. Da ya zo jawo ruwan sanyi sai ya tarar da bakin wani tsohon bututun ƙarfe a bayan ɗakin, ya shige cikin bango, ga kuma ɗaya bakin ya fito a cikin banɗakin an toshe shi. Ya buɗe, ya kafa baki ya hura, ya ce na sa hannu a ɗaya gefen. Na ji iska.

"Lahiyatai lau," in ji shi. "Aikin mutanen dauri ne. Mi za mu hwasa tayil banza? Mu haɗa da shi."

Muka haɗa da shi. Ya kuma sa makulli a gindin tanki don layin ɗakin Inna kaɗai.

Ranar gwaji har yara suka taru a bakin ƙofa. Ya murɗa na dama har ƙarshe, ya ja da baya yana murmushi. Shawar ta yi shiru, ta yi wani ɗan gurnani, sannan ruwa ya fara zirarowa ta tsakiyar kan, siriri, kamar nonon tsohuwar saniya a ƙarshen rani. Muka tsaya muna jira ya ƙaru. Bai ƙaru ba.

Daga nan muka shiga neman dalili, kuma neman ya ɗauke mu makonni. Mun fara da kan shawar: muka kwance, muka wanke, muka tsokale ramukan da allura. Babu canji. Mai gyara ya ce yashi ne, don ruwan burtsatsen unguwar yana zuwa da yashi. Ya kwance ta daga bango ya nuna mini wasu 'yan rariyoyi kamar bakin kwalba a mashigar ruwan. Lalle akwai yashi da ɓurɓushin tsatsa. Muka wanke da tsohon buroshin haƙori muka mayar. Ruwan ya ɗan motsa, ba wani abin kirki ba. Sai ya ce ƙila ya juya layukan ne, na zafi ya shiga gurbin na sanyi. Muka bi su da hannu, ba a juye suke ba. Ya ce to iska ce ta maƙale a bututu. Muka buɗe duk famfunan gidan lokaci guda har tsakar gida ta jiƙe. Da ya rasa abin cewa sai ya ɗaga kai ya harari tankin, ya ce bai yi tsawo ba, irin wannan shawar ruwa mai ƙarfi take so.

Na kira yayana, shi kuma ya haɗa ni da mai shagon da ya sayar masa. Mutumin yana jin muryata ya ce, "Basakkwace ne ke nan." Ya tambaye ni launin tankin, na ce baƙi ne. Ya yi dariya ya ce ai a garinmu da rana ruwan baƙin tanki ya isa dafa ƙwai, shawar tana jin wanda ake kira na sanyi ma da zafi, sai ta rufe gefen hita gaba ɗaya, rabin ruwa ya rage. Maganar ta shige ni, don mun riga mun shiga bazara. Na sa aka yi wa tankin rumfa da zana. Na riƙa gwadawa da sassafe, lokacin da ruwan ya huce. Ko da sassafen haka yake zirara.

Akwai wani abu kuma da na lura da shi amma ban haɗa shi da shawar ba. Tankin ya riƙa ƙarewa da wuri. A cika shi da hantsi, kafin la'asar ya yi ƙasa. Na yi wa maiɗakina magana a kan yawan wanki, ta dube ni ta ce wankin da take yi a tsohon gida shi take yi a nan, sai dai in yarana ne suka ƙaru ban sanar da ita ba. Na zagaya gidan ina neman inda ƙasa ta jiƙe. Ko'ina a bushe yake ƙamas.

Cikin wannan hali muka ɗauko Inna daga Dundaye. Na ce ko siririn ne dai ya ishe ta, tunda a zaune za ta yi a kan kujerar roba. Washegari da hantsi maiɗakina ta riƙe hannunta ta kai ta bakin banɗakin. Ina tsakar gida ina jin su. Inna ta dafa ƙofar, ta karkata kai, sai ta tsaya cik.

"Akwai mai wanka ciki," ta ce. "Mu bari ta ƙare."

"Babu kowa, Inna. Ƙofar ma buɗe take, ga shi ina gani."

"Ke dai ba ki ji ba. Mu koma."

Ta koma ta zauna a bakin gado. Na shigo na durƙusa gabanta.

"Inna, wa ka wanka? Ɗakin ga naki ne ke ɗai."

"Ni na sani? Ku ad da gida. Ni dai ina jin ta. Tana zubawa, tana aje moɗa. Kuma tari gare ta, baiwar Allah."

Na shiga banɗakin na tsaya. Fanka na juyawa a ɗaki, rediyon maƙwabta na tashi, yara na guje-guje. Ban ji komai ba. Na fito na ce mata ƙila ƙarar gidan baya ce. Ba ta yi musu ba. Ta ce a kawo mata ruwa a bokiti ta yi a banɗakin tsakar gida. Haka aka yi ranar, haka aka yi washegari. Kullum sai ta je bakin ƙofar ta saurara ta dawo. Wata rana ta ce, "Wagga mata ba ta gajiya." Babu tsoro a muryarta ko kaɗan, kamar dai tana maganar baƙuwar da ta daɗe a makewayi.

Abin ya dame ni ta fuska biyu. Na farko na ji tsoron ko tsufa ne ya fara taɓa mata hankali, don haka ƙanwar mahaifina ta fara, da ganin baƙi a ɗaki. Na biyu kuwa maiɗakina ce. Ta hana yara zuwa ƙuryar, ta riƙa kunna karatu a wayarta tana ajiyewa a tagar ɗakin, kuma in za ta share banɗakin sai ta sa ƙanwarta ta tsaya mata a ƙofa. Ni na san abin da aka karantar da ni, kuma ina kan sa. Amma na lura ni ma addu'ar shiga banɗaki da nake yi a zuci na koma yin ta a fili.

Wata Asabar, bayan azahar, maiɗakina ta kwashi yara suka tafi gidan suna. Inna ta kwanta a falon gaba. Na ɗauki sifana na ce bari in sake kwance rariyoyin nan. Ina tsugune a gaban shawar aka ɗauke wuta. Fanka ta yi ta juyawa a hankali har ta tsaya. Rediyon maƙwabta ya mutu. Wanda ya san tsakar ranar Sakkwato a bazara ya san irin shirun: babu mai tafiya a layi, awaki sun lafe a gindin bango, ko tsuntsu ba ya kuka.

Cikin shirun nan na ji.

Ruwa ne ke zuba. Ba ɗigo ba, zuba sosai, irin ƙarar ruwa a kan ruwa. Na dubi shawar, a rufe take, bakinta a bushe. Ƙarar ta ci gaba. Sai na ji ƙwas, kamar an ajiye moɗa a bakin daro. Aka yi jim. Sai wani ƙwas ɗin.

Ban gudu ba, amma ba don jarumta ba. Na miƙa hannu na dafa bangon da ke fuskantata, wanda babu komai a jikinsa sai sabon tayil. Sanyi ƙalau. Sauran bangayen gidan duk kamar an fito da su daga tanda, wannan kuwa kamar gefen randa. Na kanga kunne. Ƙarar na nan, kusa, kamar in babu bangon zan iya taɓa mai yin ta.

Na fita da baya da baya. A tsakar gida rana ta doke ni, hankalina ya ɗan dawo. Na je gindin tanki na murɗe makullin layin Inna, na dawo na tsaya a bakin ƙofa. Zubar ta fara raguwa. Ta yi ƙasa, ta yi ƙasa, sannan daga cikin bangon aka yi wani sauti sau biyu ko uku, ƙoh, ƙoh, na rantse kamar tarin tsohon mutum. Sai shiru. Na koma na buɗe makullin. Aka sake yin tarin, ruwan ya ci gaba da zuba.

Wannan ya kwantar mini da rabin hankali. Abin da makulli ke tsayarwa ruwan tankina ne. Amma ina yake zuwa?

Bayan gidan akwai wani matsattsen lungu tsakaninmu da katangar maƙwabta, wanda ban taɓa shiga ba tun da na sayi gidan. Na zagaya na kutsa a karkace, ina taka ledoji da fasassun kwalabe. Da na kai daidai ƙuryar sai na ga ciyawa. Kore shar, har gwiwa, a watan da ko dogon yaro ya sunkuyar da kai. Ƙasa ta yi laushi, takalmina na nutsewa. Ruwa na fitowa ta wata 'yar kafa a gindin bango yana shigewa wani tsohon rami. Wani ƙaton kwaɗo na zaune a bakin kafar, ya zuba mini ido, bai motsa ba. Na ɗaga kai na bi bangon da kallo. Ko da ido ana gani: daga waje ya fi banɗakin Inna faɗi nesa ba kusa ba. Can sama akwai shatin 'yar taga da aka cike da bulo.

Da maiɗakina ta dawo na gaya mata akwai wani ɗaki a rufe bayan bangon banɗakin. Ta zauna a kan turmi ta ce, "Ɗaki? Cikin gidan ga da muke kwana?" Na ce ɗaki, ko wani abu mai kama da shi. Ta ce a kira malami tukun. Na ce a kira magini. Daga ƙarshe ta yi nata, na yi nawa.

Da safe mai gyaran famfo ya zo da wani magini abokinsa. Da na ba shi labari ya dafe kai ya ce wato bututun nan reshe gare shi a cikin bango, shi ya sa da ya hura iskar ta zo da rauni, ya ɗauka tsatsa ce. Ya yi dariya, amma gajeriya. Muka so mu kai Inna falon gaba saboda ƙura, ta ce ba inda za ta, a kujerar bakin ƙofa za ta zauna. Da magini ya ɗaga guduma sai ta ce:

"Kai, ku yi gyaran murya tukun. Ba a hwaɗa ma mace haka nan."

Maginin ya dube ni. Ni ma ban san lokacin da na yi gyaran muryar ba.

Bulon bai yi gardama ba, ya jiƙu ya yi laushi. Tayil ya farfashe, guduma ta shige, sai wata iska mai sanyi ta buso ta ramin, da warin danshi da na ruɓaɓɓen itace, da wani ɗan ƙamshi can ƙasa-ƙasa da na sani amma na kasa tuna inda na san shi. Ƙarar ruwan ta cika banɗakin. Ya faɗaɗa ramin har mutum zai iya shiga a sunkuye. Na kunna fitilar waya na haska.

Ɗan ƙaramin ɗaki ne, rabin banɗakin asali. Ƙofarsa na nan a ɗaya gefen, an toshe ta da bulo daga waje. A jikin bango ga famfon jan ƙarfe irin na da, a buɗe har ƙarshe, yana zuba cikin wani farin daro mai shuɗin baki. Daron ya cika yana ambaliya. A kan ruwan wata moɗar roba ce ke yawo, ta zagaya ta zagaya ta bugi bakin daron. Ƙwas. Gansakuka ta fara bin siminti. Akwai buta, akwai zane a rataye a ƙusa ya rine ya koma launin ƙasa, da takalmin mata ƙafa biyu a jere a gindin bango.

A tsakiyar ɗakin kuma an ɗora wani dogon ƙyauren katako a kan bulo, gefen kai ya ɗan fi tudu. Kusa da shi ga ƙwarya da baƙaƙen ganye a ciki, da 'yan yage-yagen farin ƙyalle.

Mai gyaran famfo ya leƙo ta kafaɗata.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," ya ce a hankali. "Malam, nan anka yi ma wani sutura."

Sai a lokacin na gane ƙamshin. Kafur ne. Ganyen kuma na magarya.

Ya fita tsakar gida, magini ya bi shi. Na kira shi ya zo ya rufe famfon, ya ce daga can, "Gidanka ne, Malam." Na yi bisimilla tun daga waje, na sunkuya na shiga. Ruwan ƙasa ya taɓa ƙafata, sanyi har cikin ƙashi. Na bi ta gefen katakon ina kaffa-kaffa kada in taɓa shi. Na kama kan famfon. Ya ƙi. Na sa hannu biyu, ya yi ƙara, ya juya. Ruwan ya ragu, ya tsaya. Moɗar ta ƙara zagaye ɗaya ta tsaya a tsakiyar daron.

Daga bakin ƙofa na ji Inna ta ce, "To, Alhamdu lillahi."

Labari ba ya kwana a layin Mabera. Kafin azahar wata tsohuwa da ke gidan da ke kallon namu ta shigo tana dogara sanda. Ta gaisa da Inna, ta nemi a nuna mata. Ta leƙa ramin ta daɗe, sannan ta dawo ta zauna a tabarma ta share ido da bakin mayafi.

"Ni na ɗora ƙwaryar can da hannuna," ta ce. "Mu ukku munka wanke ta."

Mamaciyar matar asalin mai gidan ce, ta farko kuma ta ƙarshe. Shi dillalin fatu ne, mutum mai shiru. Ta rasu cikin bazara irin wannan. Suna tsakar wanka ruwan famfo ya ɗauke, suka buɗe shi har ƙarshe babu ko ɗigo, sai aka ɗebo a rijiyar maƙwabta aka ƙarasa. Cikin ruɗewa babu wadda ta tuna ta rufe. Ashe babban bututun layin ne ya fashe wajen aikin hanya, kuma daga ranar ruwa bai sake zuwa ba, kowa ya koma rijiya, daga baya burtsatse. Da aka dawo daga maƙabarta mijin ya sa kwaɗo a ƙofar. Mata suka ce ya buɗe a kwashe kaya a wanke wurin, ya ce gobe. Goben ta yi ta ja har wata rana suka ga ya kawo bulo.

"An yi mai hwaɗa," in ji tsohuwar. "Liman da kainai yaz zo. Yac ce shi bai hana kowa komi ba, shi dai ba shi iya ganin wurin, kuma ba shi iya ganin wani ya shiga. Haka yaz zamna har nashi lokaci yay yi."

Maiɗakina ce ta yi tambayar da na kasa yi.

"Hajiya, mi yay yi ajalinta?"

"Ciwon ƙirji. Tari. Ta shekara tana hwama da shi. Daga gidana ina jin ta."

Babu wanda ya dubi wani. Na san ƙarar da bututu ke yi in iska ta shiga, na ji ta da kunnena, na kuma san ta ishi bayani. Na faɗa wa kaina haka a lokacin, ina kuma faɗa har yanzu. Inna dai tana jan tasbaharta.

Tsohuwar ta ce mamaciyar ta bar 'ya mace guda, tana aure a Gidan Igwai. Lokacin rasuwar tana wani gari tana jego, ba ta iske jana'iza ba, kuma da ta zo ta tarar uban ya riga ya kulle. 'Yan'uwanta maza ne suka sayar da gidan. Na ce a aika mata, don kayan ba nawa ba ne, ba kuma zan zubar da su a bola ba.

Ta zo bayan kwana biyu a keke mai ƙafa uku, mace mai kimanin shekaruna, doguwa, cikin hijabi ruwan toka. Muka gaisa a zaure. Maiɗakina ta raka ta har bakin ramin ta dawo. Ta daɗe a ciki. Ba mu ji kuka ba, ba mu ji komai ba. Da ta fito ta rungumo daron, ta zubar da ruwan, ta sa takalman da zanen a ciki. Ta ce katakon a ba masallaci ko a ƙone, duk wanda muka ga dama. Za ta wuce sai Inna ta kira ta.

"Ɗiyata, taho ki zamna ki sha ruwa. Ba a hita rana haka."

Ta zauna. Inna ta laluba ta kama hannunta, ta tambaye ta yaranta nawa, ta tambayi garin su mahaifiyarta. Ashe 'yar wani ƙauye ce kusa da namu, har Inna ta san gidan da ake saƙa a bakin kasuwarsu. Na bar su suna hira. Sai bayan la'asar ta tafi.

Mai gyara ya dawo ya yanke reshen daga waje, ya toshe. Ruwan shawar ya ƙaru, amma ba kamar yadda na yi zato ba. Maganarsa ta tanki ma gaskiya ce, sai da muka sa ɗan injin ƙara ƙarfi a layin sannan ta fesa yadda ya kamata. Muka rushe sauran bangon, aka kankare gansakuka, aka buɗe tagar, banɗakin ya koma girmansa na asali. Inna ta yi wanka a cikinsa ranar da fenti ya bushe. Ta fito tana mita wai ruwan ba ya da zafi, wanka ba wanka ba. Ba ta sake ƙonewa ba dai har ta bar duniya.

'Yar mamaciyar nan kuwa ba ta yanke ƙafa daga gidanmu ba. Ta fara da zuwa gaisuwa, ta koma zuwa duk Juma'a da fura a jug ko ɗan dambu a kwano. Ita ke yanke wa Inna farce, tana duba mata tsakanin yatsun ƙafa kamar yadda likita ya ce a riƙa yi. Inna da ba ta yarda ko surukarta ta taɓa mata ƙafa ba sai da faɗa, ita sai ta miƙa mata. Yarana suka riƙa kiran ta Goggo. Ban taɓa jin sun yi maganar ɗakin ba, ko sau ɗaya.

Inna ta rasu da damina, bayan 'yan shekaru, da hantsi, ba ta yi doguwar jinya ba. Kafin dangi su iso daga Dundaye matar ta riga ta zo. Ta same ni a zaure ta durƙusa ta ce tana roƙon alfarma, in babu damuwa a bar ta cikin masu wanka. Na ce ai ba alfarma ba ce.

Muna zaune a ƙofar gida da maza, ana ta shigowa ana gaisuwa, hadari na haɗuwa ta gabas, liman yana duban sama yana cewa a hanzarta. Can sai ga ta ta ɗaga labulen zaure, hannun rigarta a jiƙe har gwiwar hannu. Ta neme ni da ido cikin mutane.

"Yaya," ta ce, "an shirya ta. Ku shigo ku ɗauka."